Malam Cire-Ɗaya da 'Yar Mai Tayil

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma, akwai wani ɗan shagon buga takardu. A ciki wata yarinya ke zama gaban kwamfuta tun safe har la'asar. Auta ake ce mata a gida, don daga ita mahaifiyarta ba ta sake haihuwa ba, sunan kuma ya biyo ta har shago. Hannunta na da sauri, idonta ya fi hannun sauri. Tana da wani jan biro da ba ya barin gefenta, duk inda ta ga kuskure a takardar mutum sai ta zagaye shi, ko an sa ta ko ba a sa ta ba.

Mai shagon, wata mata mai yawan fara'a, ta yi faɗa har ta gaji. "Ke Auta, bugu aka kawo mana, ba makin jarrabawa ba."

Wata ranar Talata wani dogon saurayi ya shigo, hannun rigarsa duk farin alli. Malamin lissafi ne a sakandaren da ke bayan tashar mota. Ya ce babbar takarda yake so a buga masa, wadda zai manna a bangon aji. A samanta ya rubuta wata doguwar lamba, 2,147,483,648, a ƙasa kuma ya sa: "Ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya da ita kanta."

Auta ta duba, ta sake dubawa, ta jawo jan biro.

"Malam, wannan ai tana rabuwa."

"Ba ta rabuwa, 'yan mata. Sananniya ce."

"To sananniyar taka da takwas ta ƙare. Ko ni da lissafi bai taɓa ƙaunata ba, na san abin da ya ƙare da takwas ana raba shi biyu."

Malam ya sunkuya kan takardar, sai ya dafe kai. "Wayyo ni. Ban cire ɗayan ba!"

"Wane ɗaya?"

"Biyu ake ninkawa, biyu sau biyu sau biyu, har biyun su kai talatin da ɗaya, sannan a cire ɗaya. Na yi wahalar duka, na manta da mai sauƙin. Da na manna wannan, yara arba'in da biyar za su yi ta min dariya har in yi ritaya."

Ta zagaye takwas ɗin, ta rubuta bakwai a samansa. Ta ɗago za ta miƙa masa, idonsu ya haɗu, kowa ya yi saurin neman wani abin kallo.

"Allah Ya kiyaye gaba, Malam Cire-Ɗaya," in ji ta.

To, kun san halin zuciya. Daga ranar Malam ya zama mai yawan takardu. Yau shafi ɗaya, jibi rabin shafi. Mai shagon ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin makarantar da ke buga jarrabawa tambaya ɗaya-ɗaya ba." Auta ta yi kamar ba da ita ake ba.

Rannan ta ce masa, "Wai mene ne abin so a lambar da ba ta rabuwa?"

"Mene ne sana'ar Baba?"

"Shimfiɗa tayil."

"Madalla. In aka ba shi tayil sha biyu, zai jera su layi uku, huɗu-huɗu, ko layi biyu, shida-shida. In aka ba shi sha uku fa?"

Ta ɗan lissafa da yatsu. "Kullum sai an sami saura. Sai dai ya miƙe su layi guda."

"Shi ke nan, kin gama karatun. Wannan ta bango, tayil biliyan biyu ne da ɗoriya, amma duk yadda aka juya su ba sa jeruwa sai a layi guda."

"Baba zai ce a mayar wa mai su."

Suka yi dariya har mai gyaran agogo ya leƙo. Ranar ya karɓi lambar wayarta, ya karanta mata sau biyu don kada ya sake manta wani ɗayan.

Saƙonninsa ma irin nasa ne. Wata safiya ya rubuto:

"Mai Jan Biro, barka da asuba. Yau zan koya wa yara tagwaye, wato marasa rabuwa biyu da ke maƙwabtaka, kamar sha ɗaya da sha uku. Tamu ta bango ba ta da ɗan'uwan tagwaitaka. Ki ƙara mata biyu, uku ta raba. Ki rage biyu, biyar ta raba. Ita kaɗai take tsaye a layinsu. Na tausaya mata, don ni ma haka nake kafin Talatar da na shigo shagonku."

Ta amsa: "Malam Cire-Ɗaya, 'yan mata na samun kalamai masu daɗi, ni aikin gida ake aiko min. Ka dai karya kafin ka fita."

Ya sake rubutowa: "Tana da dangi fa. A zuriyar da ake ninka biyu a cire ɗaya, ita ce ta takwas. Kuma talatin da ɗayan da ta haife ta, ita ma 'yar zuriyar ce. Masu irin wannan gata na uwa da 'ya guda huɗu kacal aka sani a duniya. Irinki kuwa ko biyu ban sani ba."

Wannan kam sau biyu ta karanta shi. Ta kifa wayar a cinya, ta yi ta murmushi har mai shagon ta ce ko an yi mata albishir ne.

Wata la'asar yana raka ta bakin titi, ya gaya mata cewa manyan lambobin nan kashi biyu ne. Akwai tabbatattu, waɗanda aka kafa hujja a kansu, babu sauran magana. Akwai kuma waɗanda ake kyautata wa zato, wasu tsawonsu ya cika shafuka, an yi musu gwaji iri-iri duk sun tsallake, amma hujjar ba ta kammalu ba.

"Ko zuciyarmu ta yarda, ba ma rubuta tabbas a kansu," in ji shi. "A wurinmu wannan kalmar tana da nauyi."

"Ku dai kun iya wahalar da kanku," ta ce, ta tsayar da mota ta shiga.

Ashe akwai wani mai son Auta. Ɗan mai sayar da tayil ne, inda Baba ke ɗaukar kaya shekara da shekaru. Ba-Matsala ake ce masa, don ko gini aka ce ya rushe, abin da zai fara faɗa ke nan. Kyakkyawa ne, mai mota, ba shi da mugun hali, kuma ya riga ya gaida Baba da maganar.

Shi kuwa Baba yana da tambaya guda da yake yi wa duk mai neman 'yarsa, kafin ya yarda manya su shigo ciki. Surukansa uku duk sun sha ta. Da ya yi wa Ba-Matsala, kafin ya rufe baki yaron ya ce, "Ba matsala, Baba! Ɗari bisa ɗari, na rantse."

Da Auta ta gaya wa Umma inda zuciyarta take, Umma ta kai wa Baba. Baba ya ce malamin ya zo ya gan shi.

Ranar Lahadi da hantsi Malam ya zo, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kan tayil ɗin da Baba ya shimfiɗa da hannunsa. Auta da Umma na kicin, ƙofa a ɗan buɗe, ana wanke kofi ɗaya tun ɗazu.

Bayan gaisuwa da tambayar iyaye, Baba ya gyara murya. "Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Ka tabbata 'yata ba za ta yi nadamar aurenka ba?"

Auta ta matse kofin tana cewa a ranta, faɗi mana, faɗi.

"Baba," in ji Malam a hankali, "tabbas dai ba zan iya cewa ba. Ina kyautata zato ƙwarai da gaske. Duk ta inda na auna, abin ya tsaya. Amma abin da bai zo ba tukuna, ba ni da hujja a kansa."

Umma ta riƙe haɓa. "Yau ga ilimin da ya fi ƙarfin mai shi."

Baba ya dube shi. "To, Malam, je ka nemo hujjar. Ni ba na ba da 'yata a kan zato. Ka gaida gida."

Kafin Malam ya kai bakin titi, saƙonta ya same shi.

"Kalma ɗaya ce. E. Ita ce ta gagare ka?"

"Mai Jan Biro, mahaifinki ne. Ba zan fara da shi da abin da ban sani ba."

"Wato ba ka san ko kana sona ba."

"Wannan na sani, tabbatacce ne. Amma ba shi ya tambaye ni ba. Gobe ya tambaye ni, gobe kuwa ba a hannuna take ba."

"To ka zauna da lambarka. Dama ka ce ita kaɗai take."

Daga nan ta daina amsawa. Kullum da safe saƙonsa na shigowa, gajere: "Barka da asuba. Ina nan." Ta karanta ta ajiye. Abin da ya fi ci mata rai, Baba ya fara cewa yaron nan ɗan mai tayil ya san abin da yake so, kuma ba a barin mai nema a tsaye har abada. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta faɗi matsayarta.

Ba-Matsala ya shiga zuwa shago. Rannan ya kawo takardar tallan shagonsu a buga masa guda ɗari biyar. Auta ta ga an rubuta faɗin wani tayil ba daidai ba, ta zagaye da ja.

"Ka ga nan, sittin ne ko hamsin? Hoton da rubutun sun saɓa."

Ya leƙa da ido ɗaya yana danna waya. "Ba matsala, gimbiya, buga haka. Wa zai lura?"

"Wanda ya auna ɗakinsa ya zo saye."

"In ya zo ma yi magana. Ke dai kin cika bincike."

Ta buga masa yadda ya ce. Da ya fita, ta daɗe tana juya biron a hannu, mai shagon na kallonta ta gefen ido.

Saura kwana tara wata ya ƙare, Baba ya manta tabaransa a gida, Umma ta ce Auta ta biya ta kai masa kafin ta wuce shago. Wani sabon gida yake aiki, na wata likitar haƙori. Auta ta same shi durƙushe a falo, ya gama shimfiɗa, yana bin tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gudumar roba, kunnensa a karkace. Likitar na tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

"Baba mai tayil, ka tabbata dai wannan ba zai ɗaga ba? Na gidan da na baro, shekara biyu ya kumbura."

Baba bai ɗago ba. "Likita, ni ba na rantsuwa a kan siminti. Na jiƙa, na auna, na ƙwanƙwasa kowanne, duk sun amsa min da kyau. Abin da hannuna zai yi, ya yi. Sauran sai an taka shi, zafi da sanyi sun bi ta kansa."

"Wancan mai aikin ce min ya yi har jikokina."

"Ai shi ya sa kika kira ni."

Likita ta yi dariya ta tafi. Auta na tsaye da tabarau a hannu. Kunya ce ta fara kama ta, don ita ma ta yi wa bawan Allah hukuncin da Baba ya yi masa, har da ƙari. Ta durƙusa gefen mahaifinta.

"Baba, in yi magana?"

"Ina jin ki, Auta."

"Abin da ka gaya wa Likita yanzu, ai shi Malam ya gaya maka."

Ƙotar ta tsaya. "Tayil daban, 'ya daban."

"Shi ya sa ma, Baba. Kai da ka shekara talatin kana wannan aiki ba ka rantse kan siminti ba. Shi kuma ya rantse kan zuciyar mutum da kwanakin da Allah bai kawo ba?"

Baba ya karɓi tabarau, ya goge da bakin riga, ya saka, ya cire. "Bakinki sak na uwarki. Tashi ki tafi aiki, kina taka min inda bai bushe ba."

A mota ta ciro waya, ta rubuta ta goge har sau uku, sannan ta aika: "Barka da hantsi. Ni ma ina nan. Ka yi haƙuri."

Amsa ta zo kafin ta sauka: "Alhamdu lillahi. Yara na tambaya me ya sa nake dariya ni kaɗai a gaban allo."

Kwana huɗu Baba bai ta da maganar ba. A rana ta biyar yana ɗaure takalmi ya ce wa Umma, ba tare da ya kalli kowa ba, "A ce wa malamin nan ya same ni wurin aiki ranar Asabar. Ya sa tsofaffin kaya."

Auta ta ce ita ma tana da saƙon da za ta kai unguwar. Umma ta ce, "Saƙon wa?" Ta ce, "Zan tuna a hanya."

Ranar Asabar Baba ya miƙa wa Malam gudumar roba, ya nuna masa wani ɗaki. "Tayil ɗari da ashirin ne. Wanda ya zauna daidai, ƙararsa a cike take. Wanda ke da rami a ƙasa, zai yi maka kamar ganga. Duba min."

Malam ya naɗe wando ya durƙusa. Bai tsallake ko ɗaya ba, har na bayan ƙofa. Auta na leƙe ta taga, gumi na karyo mata kamar ita ke aikin. Sai da aka fi awa ɗaya ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya sa wa guda biyu alama da allin da ba ya rabuwa da aljihunsa.

"Wannan na tsakiya, Baba, rami ne, ba shakka. Wancan na lungu kuwa ban tabbata ba. Ƙararsa ta ɗan bambanta a gefe ɗaya, amma kunnena sabo ne."

Na tsakiyan Baba ne ya bar shi haka da gangan. Na lungun kuwa bai san da shi ba. Ya je ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya kawo ƙarfe ya ɗaga shi a hankali. Ga ɗan wuri kamar tafin jariri, siminti bai kai ba.

Baba ya zauna a kan bokiti, ya yi dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba. "Tsufa ya zo. To Malam, ita lambar taku da Auta ke ba mu labari, ita ma haka aka bi ta ɗaya-ɗaya, har biliyan biyun?"

"A'a, Baba. In tana da mai raba ta, dole a samu ɗaya da bai wuce dubu arba'in da shida da 'yan kai ba, don masu rabawa biyu-biyu suke zuwa, ƙarami da babba. A cikin waɗannan ma akwai dabarar rage su. Wani masani ya tabbatar da ita da alƙalami da takarda, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce."

"Ya sha zama, bawan Allah." Baba ya kakkaɓe hannu. "To, in sake tambayarka. Ka tabbata?"

Auta ta runtse ido a bakin taga.

"Amsata ba ta canza ba, Baba, ka gafarce ni. Amma ga abin da na tabbata, don yana hannuna. Ba zan yi mata ƙarya ba. Ba zan kai ta inda ban fara takawa ba. In na yi kuskure ta nuna min, zan gyara, ba zan ce wa zai lura ba."

Baba ya juya wajen taga. "Ke mai saƙo, shigo, tun ɗazu inuwarki ke kan aikina." Auta ta shigo kanta a ƙasa. "Kin ji abin da ya ce. Ya ishe ki?"

"Ya ishe ni, Baba."

"To, Malam, turo manyanka. Amma kafin nan, kwaɓo min siminti mu mayar da wannan."

Baba da kansa ya je ya sami mahaifin Ba-Matsala ya ba shi haƙuri. Da yaron ya ji, ya ce abin da ya saba cewa, kuma har ga Allah bai riƙe kowa a zuciya ba.

Bayan wata uku aka ɗaura aure, gida ya cika da yayyen Auta da 'ya'yansu da malaman makaranta. Da za a tafi da amarya, Umma ta rungume ta tana kuka tana dariya. Baba ya dafa kanta ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku haƙuri da juna, Ya sa ku tsufa tare, Ya ba ku zuriya mai jin ƙai." Kowa ya ce amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.

Malam na nan yana koyarwa, yanzu shi ne shugaban sashen lissafi a makarantarsu. Auta ta buɗe nata shagon buga takardu kusa da gida, tsohuwar uwar ɗakinta na turo mata aiki in ya yi mata yawa. Ba-Matsala ya auri wata ma'aikaciyar jinya, suna zaune lafiya. Baba ya ajiye aiki saboda gwiwa, shi da Umma suna gida suna fama da jikoki, uku daga cikinsu na Auta ne, mata biyu da namiji ɗaya.